Haƙƙin da Ban Yafe Ba a Maƙabarta

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga Rajab, wadda ta zo daidai da sha huɗu ga Janairun 2025, Allah ya karɓi ran taubashina, ɗan gwaggona, Farfesa Maharazu Kalilu, a wani asibiti a Katsina. Da la'asar aka kawo shi gida Dutsi, muka kai shi makwancinsa.

Ni Audi ban yi boko ba. Da ajami na rubuta wannan, na kai wa mai shagon buga takardu a Daura ya juye, na kuma sa shi ya maimaita mini daga farko har ƙarshe, don kada ya ƙara nasa.

Maharazu, mutanen gari sun ga abin da na yi a maƙabarta. Da liman ya ce duk mai haƙƙi a kanka ya faɗa ko ya yafe, kowa ya amsa ya yafe, ni bakina bai motsa ba. Labari ya kai ga iyalinka, Hajiya Haulatu, har ta aiko mini cewa ba ta da sukuni sai ta ji me ka yi mini. To ga shi, ta ji, jama'a su ji.

Tare muka yi kiwon awaki. Aka ɗauke ka boko, aka bar ni da fartanya. Ka yi ta karatu har ka zama malamin shari'a a jami'a, aka ce kai ke koya wa masu son zama lauyoyi yadda ake tsara magana a takarda a miƙa wa alƙali. Ban yi maka hassada ba, ko da yake ban manta cewa ni na fi ka saurin hadda a makarantar allo ba.

Sai ka ɓullo da wata ɗabi'a. Duk hutu ka ciko mota da ɗalibai, ka sauke su a zaurena. Kowa ya karanta abin da ya rubuta, ya juya shi da Hausa, sannan ka waiwayo ka ce, "Yaya Audi, wa ya yi wa wa laifi? Me ake roƙon alƙali?" In na amsa daidai, ɗalibi ya tsira. In na ce ban gane ba, ka ce masa, "Koma ka sake."

Na tuna wani dogon yaro da ya karanto ƙarar wani ɗan kasuwar Kongolam, ya yi ta zuba har shayina ya huce. Ka tambaye ni, na ce, "Ni dai na ji mota, na ji buhunan wake, amma ban ji mai laifi ba." Zaure ya kwashe da dariya. Ka ce wa yaron, "Ka ji ko? Ka binne mai laifi a tsakiyar takarda." Ran nan na fara tambayar kaina, wannan dariya, shi ake yi wa ko ni? A duk faɗin ƙasar Daura me ya sa sai ni? Ga limamai, ga tsofaffin ma'aikatan kotu. Zuciyata ta ce mini, Audi, an duba ne an rasa wanda ya fi ka duhun kai, in ka gane, kowa ma zai gane. Sau da yawa na ɗauko maganar zan yi maka, sai ka rigaye ni da wasan taubasantaka, ka ce, "Alƙalin alƙalai, a yi mana sassauci." Sai in haɗiye.

Ba zan ɓoye alherinka ba. Matan da aka danne wa gado a Zango da ƙauyukanmu sun san ƙofarka, kuma ba wadda ta fito tana kuka. Ka zauna da su a tabarma, ka saurara har su gaji, sannan ka rubuta musu abin da alƙali ba zai iya kau da kai daga gare shi ba. Shekarar da kunnena ya yi nauyi, kai ka ɗauke ni a motarka zuwa Katsina, ka zauna a benci tare da ni kamar ba farfesa ba, har likita ya duba ni. Na gode. Amma ko a hanyar dawowa sai da na raya a raina, ko dai kunnen da kake gwaji da shi ne ba ka so ya mutu.

Ranar sadakar uku wata tsohuwar ɗalibarka, Barista Zakiyya, ta durƙusa ta gaishe ni, idonta da hawaye. Ta ce, "Baba, ai duk wanda ya zauna ajin Farfesa ya san sunanka. Kullum yakan ce, ku rubuta yadda Audi na Dutsi zai gane."

Na ce, "Da yake faɗa, dariya yake yi ko fuskarsa a ɗaure?"

Ta ɗan yi tunani, sannan ta ce, "Wallahi Baba, murmushi yake yi."

Murmushi kuwa bai raba mini gardama ba. Ashe shekara da shekaru sunana na yawo a ɗakunan karatu, a bakin yaran da ban taɓa gani ba, ba wanda ya nemi iznina. Mutanen jami'a sun ce za su shirya taron tunawa da kai, in je in yi magana. Ban amsa ba. Ban san ko kujerar baƙo za su ba ni ko abin kallo suke nema ba.

Kai kaɗai ka san abin da ke ranka, kuma ka tafi da shi. Na yi ta juya maganar, na ga ba zan iya barin ɗan gwaggona kwance da nauyina a kansa ba, alhali ba shi da bakin kare kansa. Kai da kanka ba ka yarda a yanke wa mutum hukunci ba a ji ta bakinsa ba.

Saboda haka Hajiya Haulatu ki shaida, jama'ar Dutsi ku shaida. Maharazu, in raini ne ya sa ka zaɓe ni, na yafe maka duniya da lahira. In kuwa girmamawa ce, to ka zalunce ni da ba ka taɓa buɗe baki ka faɗa mini ba, ka bar ni na tsufa da zargi. Wannan ya fi ciwo, shi ma na yafe.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sauƙaƙa maka amsa tambaya. Ya ba Hajiya Haulatu da 'ya'yanka da ɗalibanka haƙurin rashinka. In tamu ta zo, ya sa mu cika da imani, ya haɗa mu a inda zan tambaye ka, ka ba ni amsa ba da wasa ba. Amin.