Sunan da Larai Ta Ƙi Faɗa

Ana idar da sallar asuba Larai ta riga ta zauna a ƙofar ofishinmu da ke Chanchaga, ƙwaryar nono a gefe, jariri a baya. Daga wajen Tagwai ta tako. Shekara ashirin da wani abu tana kai nono unguwar Limawa, an ce ba ta taɓa ƙara masa ruwa ba. Ni dai ban auna ba.

Ni ke riƙe da rajistar inshorar lafiya ta ƙungiyar masu Keke Napep ta nan. Sau ɗaya muke buɗe ta a shekara. Idan an rufe, sai wanda ya yi aure ko aka yi masa haihuwa ake ƙara wa mutum, kuma jariri dole a kawo shi cikin kwana talatin. Na ga abubuwa a teburin nan. Na ga jariri ɗaya da aka kawo mini sau uku, kowane zuwa da sabon uba da sabuwar hula.

Nata jaririn kwanansa ashirin da takwas, numfashinsa na fita da ƙyar. Ta ce jikanta ne, a gida aka haife shi, uwar tana jego, uban kuma ya yi hatsari, yana kwance da karaya.

Na ce, "To Gwaggo, sunan uban?"

Ta ce, "Wancan nawa mana. Babban."

"Sunan yaron fa?"

"Sunan mai gidana marigayi aka sa masa. Ni angona nake ce masa."

Luke, abokin aikina, ya leƙo daga bayan kwamfuta. "Mama, kai faɗa suna kawai, mu rubuta, ka tafi."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Ɗan nan, je ka koyi kiran mace tukuna, sannan ka koya mini kiran ɗana."

Na san kunyar ɗan fari. Uwata har ta rasu ba ta kama sunan yayana ba. Amma na kuma san masu fakewa da al'ada idan ba su haddace ƙaryarsu da kyau ba. Babu takardar haihuwa, babu katin uba, babu suna, sai jariri marar lafiya daidai lokacin da wa'adi ya kusa cika. Haka masu aron jariri suke zuwa.

Na ɗauko jerin 'yan ƙungiya, na shiga karanta sunaye da ƙarfi ina kallon fuskarta. Da na kai kan Badaru Yunusa ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi. Luke ya ce shi ke nan. Na ce ba shi ke nan ba, kowa na iya sunkuyawa.

Na ce mata, "Jibi ne ƙarshe. Ki kawo mini uban ko katinsa."

Ba ta roƙe ni ba, ba ta rantse ba. Wannan ya ɗan dame ni, domin maƙaryata rantsuwa suke fara yi. Ta ɗauki ƙwaryarta ta fita.

Washegari ba ta zo ba. Na ce wa Luke, ka gani ko?

Ranar ƙarshe, wajen azahar, wani keke ya tsaya a ƙofa. Larai ce ta fara sauka, ta sa kafaɗa ta tallafo ƙaton mutum da ƙafa ɗaure cikin karare da tsumma. Jiyan nan ashe wajen mai ɗori ta yini, tana neman ya yarda a ɗaga shi. Na gane Badaru, hotonsa na cikin fayil. Duk da haka na karɓi katin na gwada lambar sau biyu, na kuma tambaye shi ranar haihuwar jaririn, in ji ko za ta saɓa da lissafin Larai. Ba ta saɓa ba.

Na ce, "Sunan yaro?"

Kafin ya buɗe baki Larai ta fice, ta tsaya can bakin titi tana kallon motoci. Ya ce Yunusa. Na rubuta, na buga hatimi.

Da Luke ya miƙa mata takardar ta juya ta gaba da baya, duk da ba ta karatu. Ta ce, "Yau 'yan asibiti za su duba angona, ko sai na sake kawo musu wani gurgun?"

Na ce yau, in ta isa kafin a tashi.

Ta bar mana ɗanta zaune a benci, ta ce ya jira ta. Ta gyara goyon, ta ɗaure takardar a bakin zane, ta tsallaka titi ta nufi asibitin.