Ɗakin Kwamfutar da Na Riƙe Makullinsa

Kakata mai bandar kifi ce. A gidanmu na unguwar Ajilari akwai wani tsohon duro da aka yanke biyu a bayan ɗakinta, nan take hura wuta ta jera tarwaɗa a kan waya. 'Yan kasuwar kifi ta Baga Road suna kiranta Ya Bintu, mu jikokinta kuwa Kaka kawai muke cewa. Da an idar da sallar magariba sai mu kewaye duron, idanunmu na hawaye saboda hayaƙi, muna jiran ko wani kifin zai karye ta miƙo mana. Ba ta buɗe tatsuniya da kalmomin da sauran tsofaffi suka saba. Takan ce, "Ku matso, hayaƙi bai taɓa kashe jikan mai banda ba." Daga nan mun san labari ya zo. Rabi da Kanuri take bayarwa, rabi da Hausa, inda abin ya yi mata zafi kuma sai ta koma Kanuri zalla.

Yawancin tatsuniyoyinta na dariya ne. Guda ɗaya ce ba ta taɓa ba mu ita fuskarta a sake ba.

Ta ce a wani ƙauye na bakin tafki an yi wani Bulama, wato mai garin, da wani attajiri ya kawo masa kyautar kwalekwale sabo fil, mai fenti ja da kore. Ƙauyen bai taɓa mallakar irinsa ba. Bulama ya zagaya shi sau uku, ya shafa, ya ce wannan abu ya fi ƙarfin ruwa, ruwa zai ɓata fentin. Ya sa aka yi masa rumfa a ƙofar gidansa, aka ɗora shi a kan duwatsu, ya naɗa wani mutum mai suna Modu ya riƙa share rumfar kowace safiya. Da iyaye suka ce to yaranmu fa, yaushe za su koyi tuƙi, sai ya ce ai wannan ba wuya. Aka riƙa zaunar da samari a kan rairayi a jere, kowa da karan dawa a hannu, suna tuƙa ƙasa. In baƙi sun zo, a ɗauko biyu masu tsabtar riga a zaunar cikin kwalekwalen, baƙi su yaba su tafi.

Modu kuwa kullum yana share wani gari mai laushi a ƙarƙashin kwalekwalen. Ya san gara ce. Sai ya kwashe ya zubar bayan danga, ya dawo ya gaida Bulama ya ce komai lafiya.

Rannan maciji ya sari wata yarinya, mai maganin kuma yana can tsibiri. Aka ruga aka ɗauko kwalekwale aka sa a ruwa. Samarin da suka shekara uku suna tuƙa rairayi suka shiga da yarinyar, sai juyawa suke yi wuri ɗaya, ruwa kuma yana ɓulɓulowa ta ƙasa. Da ƙyar suka fito da yarinyar a kafaɗa. A bakin gaɓa ta cika, uwarta na riƙe da ƙafarta.

In Kaka ta kawo nan sai ta ja tsaki, ta juya gefe ta tofar da yawu. Wata rana yayana ya ce Bulama mugu ne. Ta ce Bulama wawa ne, kuma kowane gari da nasa wawan.

"Modu nake ƙyama," in ji ta. "Shi da ya ga garin katako da idonsa, ya sa tsintsiya."

Ni lokacin ban wuce shekara tara ba, kuma tausayin Modu nake ji. Na ce ai da ya faɗa, korarsa za a yi. Ta dube ni ta cikin hayaƙi ta ce, "To, Zara, da an kore shi mutuwa zai yi?" Ta ci gaba da juya kifinta.

Kaka ta rasu ina makarantar horon malamai. Na gama na samu koyarwa a wata sakandare a nan cikin gari, aka ba ni darasin kwamfuta saboda na taɓa yin kwas na wata shida. A shekarata ta biyu wasu masu taimako suka kawo mana kwamfuta ashirin, suka kafa sola a kan rufi. An yi taro, an yi jawabi, an ɗauki hoto. Da baƙi suka watse shugaban makaranta ya kira ni ofis ya damƙa mini makulli. Ya ce yaran nan hannunsu ba ya zama wuri ɗaya, in suka lalata kayan mutane shi za a tambaya, don haka kada a buɗe ɗakin sai da izininsa. Na ce to, ranka ya daɗe.

Izinin bai taɓa zuwa ba sai ranar da za a yi baƙi. Shekara uku ina koyar da kwamfuta da alli. Na zana fuskarta a allo, na zana madannai, na zana linzamin da ake ja a kan tebur har da jelarsa, yara suna kwafa cikin littafi suna haddacewa. Ɗakin yana nan taku goma daga ajinmu, kowace kwamfuta an lulluɓe ta da atamfa. Ranar baƙi nakan zo da sassafe in share, in zaɓi ɗalibai masu gogaggen yunifom in zaunar da su, in ce su ɗora yatsu a kan madannai amma kada wanda ya danna komai. Ni da bakina na faɗi haka. Tun a shekara ta farko na fara jin zarnin fitsarin ɓera, ina kwashe kashinsu daga bayan tebura. Kwamfutar da ta daina kamawa sai in mayar da ita layin baya inda hoto ba ya kaiwa. Sau ɗaya na yi wa shugaba maganar, a tsaye a baranda, murya ƙasa-ƙasa. Ya ce za a duba. Na ji daɗi ma da ya ce haka, don na samu abin da zan gaya wa kaina.

Akwai wata ɗalibata Falmata, 'yar wani tela a unguwar Dala, wadda ba a taɓa kayar da ita a ajinsu ba. Aikin jinya take so. Ta san sunan kowane ɓangare na kwamfuta fiye da ni. Ana saura wata biyu su rubuta jarrabawar shiga manyan makarantu, wadda yanzu da kwamfuta ake yi, ta biyo ni bayan an tashi ta roƙe ni in bar ta ta taɓa ko sau ɗaya. Makullin yana cikin jakata a lokacin. Na ce sai shugaba ya yarda.

Washegarin jarrabawar ta zo makaranta ta same ni. Ta ce da ta kama linzamin sai 'yar kibiyar da ke kan fuskar kwamfutar ta gudu ta ɓace a gefe, ta yi ta nema. Da ta samo ta kuma ta danna wani wuri, shafin ya tafi gaba ɗaya. Ta ɗaga hannu ta daɗe kafin mai sa ido ya zo, da ya zo kuma ya daka mata tsawa a gaban mutane, wai daga wane ƙauye aka kwaso ta. Ko rabin tambayoyin ba ta kai ba lokaci ya ƙare, alhali ta san amsoshin. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma zarge ni ba. Da za ta tafi ma sai ta ce, "Amma Malama, zanenki daidai ne. Kamarsu ɗaya da na gaske."

Tana fita na wuce ɗakin na buɗe, na yaye atamfofin nan ɗaya bayan ɗaya. Kyankyasai suka watse a kan tebura. A cikin akwatin wata kwamfuta na tarar ɓera ta haihu, 'ya'yan jajaye suna motsi a kan wayoyin da uwar ta tattauna. Na fita bayan aji na yi amai. Da na dawo na kunna su duka, bakwai ne suka kama.

Ran Litinin na kwashi 'yan aji biyar na kai su, uku-uku a kan kowace ɗaya. Shugaba ya ji hayaniya ya zo ya tsaya a ƙofa, ya yi faɗa, da rana aka kawo mini takardar neman bahasi. Na amsa cikin layi huɗu. Shi ke nan abin da ya faru. Ba a kore ni ba, ba a canza mini wurin aiki ba, bayan sati biyu ma ya daina zancen. Abin da na shekara uku ina tsoro ke nan, takarda ɗaya.

Ina jin mutane a rediyo suna gardama, wasu na cewa kwamfuta ce gyaran ilimi, wasu na cewa ita ke lalata yara. Ba na iya sa baki. Tamu ba ta gyara kowa ba, ba ta lalata kowa ba, ɓeraye ne kawai suka amfana. Da ina yarinya na ɗauka tatsuniyar Kaka a kan masu mulki take. Sai da na girma na gane cewa wawan shugaba shi kaɗai ba ya iya ɓata wa yara rayuwa, sai ya samu mai hankali a kusa da shi, wanda ya ga komai, ya iya gaisuwa, ya kuma iya shiru. Kaka ba ta taɓa ganin kwamfuta ba, amma ta san irina.

Falmata ta dawo shekarar da ta biyo, ta zauna cikin ƙannenta ba kunya. Sati ɗaya ya ishe ta. Yanzu tana makarantar jinya, ta yi asarar shekara guda. Amma su arba'in da wani abu ne a ajin, kuma yawancinsu ba su sake gwadawa ba.

Watan jiya na tare keke napep zan je Dala, ashe direban ɗan ajin ne, Ibrahim, wanda yake zama kusa da taga. Ya yi murna ƙwarai. Muna tafe yana jero mini sassan kwamfuta da ka, don in ga bai manta ba, bai kuskure ko ɗaya ba. Sannan ya tambaya ko ɗakin nan har yanzu a rufe yake. Na ce a'a, an buɗe.

"Madalla," ya ce. "Ƙannenmu sun yi sa'a. Allah ya saka miki, Malama."

Na ce ya tsaya a nan. Ya ce ai ba mu iso ba tukuna. Na ce na sani, na sauka na ƙarasa da ƙafa.