Yadda Aka Kwantar da Kawu Sambo

Shekara shida ke nan da muka binne Kawu Sambo, yayan mahaifiyata, kuma har yau idan na ji wani ya ce ai an kula da shi sosai, sai raina ya ɓaci. An kula da shi kam, kulawar da ta raba shi da ƙafafunsa.

Kawu makiyayi ne tun tasowarsa. Yakan kora shanu daga rugarsu zuwa kasuwar Jahun ya koma a ƙafa, ko haki ba ya yi. Da ciwon hanta ya ci ƙarfinsa, ciki ya kumbura, damatsa suka zube, sai babban ɗansa, Yaya Habu, ma'aikacin gwamnati, ya ɗauko shi zuwa gidansa a Dutse. Ina wurin lokacin da likita ya yi bayani dalla-dalla. Ya ce hantar ba za ta koma daidai ba, amma a bar shi ya riƙa takawa kullum gwargwadon ƙarfinsa, a ba shi ƙwai da wake da nono, domin kwanciya ita ke cinye sauran naman jikin mai wannan ciwo. Yaya Habu ya yi ta gyaɗa kai kamar gaske.

Muna isa gida aka shimfiɗa katifa a tsakiyar falo, inda 'yan dubiya za su gani. Aka hana ƙwai, aka hana nama, wai hanta ba ta so. Sai koko tsululu da jiƙe-jiƙe, kowane baƙo da nasa. Abokan ofis su zo su yi sannu, su yaba ƙoƙarin ɗa nagari, su tafi.

Abu ɗaya Kawu yake roƙo, ya taka zuwa masallacin bakin layi da ƙafarsa. Wata la'asar na riƙe hannunsa, mun kai ƙofar gida, sai ga motar Yaya Habu.

"Haba Baffa! So kake mutanen unguwa su ce na bar ubana yana tangaɗi a titi?"

Kawu ba ya kiran sunan ɗan fari, balle ya yi jayayya da shi. Ƙasa ya duba ya ce, "Ƙafar nan in ta kwanta ba za ta tashi ba."

"Ka huta, Baffa, ka sha wahala a duniya."

Ya huta kuwa. Kafin kaka ko buta ba ya iya ɗagawa, sai an juya shi. Ban ce tafiya za ta hana ajali ba, kwana na Allah ne. Amma da ya tarbi mutuwarsa da sauran mutuncinsa, yana kai kansa banɗaki.

Yanzu fa Yaya Habu an ce masa sukarinsa ya hau. Kullum da safe sai ka gan shi a bakin titi da farin kambas, yana wurga hannuwa, har hoto yake ɗorawa a waya yana wa'azin motsa jiki. Ina ma Kawu ya gani. Na san ba zai yi faɗa ba, ni zai tambaya a hankali ko mutanen unguwa sun daina magana ne.

Shanun an sayar, rugar ta zama gonar riɗi. Abin da ya rage mini na Kawu shi ne darasin da ya biya da jikinsa. Bana aka ce Inna, mahaifiyata, ita ma hantar ce. Kullum da yamma nakan riƙe ta mu ɗan taka, tana tsayawa tana hutawa. Masu cewa ba ni da tausayi suna nan zube a kan benci, Inna tana gaishe su ɗaya bayan ɗaya, a tsaye.