Ammu Sabri Ya So Sayen Bindiga

Muna tsaye a shagon bindigogi kusa da kasuwar Ataba, ni da dattijon maƙwabcina Bamisire, Ammu Sabri, wato Baffa Sabri. Bindigar harbin agwagi yake so.

Mai shago ya ce, "Ina lasisinka?"

Ammu ya sosa ƙeya. "Ba za su ba ni ba. Akwai takardar kama ni, na ƙi zuwa kotu kan faɗanmu da surukina."

Mai shago ya tuntsire da dariya. "Ana farautarka, kai kuma za ka farauta?"

Ammu ya juyo wajena. "Ɗana, mu sa sunanka mana."

Na ce, "Ma'alish, yi haƙuri Ammu, takardar zamana a ƙasarku nake lallaɓawa!"

Jiya dai ya kai kansa kotu, ni na raka shi. Agwagi sun samu hutu.

Ku fa, da kun ba da sunanku saboda kunyar dattijo?