Ni, Jikata da Gudun Haske

Ku cinka min: mene ne gudu ba ya iya matsewa, ko an kusa kamo haske?

Jiya ina ɓarar gujiya jikata Rabi ta shigo, idonta jajir. Yajin aikin jami'a ya daɗe, ubanta ya ce ta bar karatun fizik ta zauna butik ɗinsa, wato shagonsa, sai in ni na hana.

Na ce, "To malama, fahimtar da ni karatun."

Ta zaro zare daga bakin zanena. "Kaka, wasu masana na ganin komai daga ƙananan zaruruwa yake. Bayan tsawo, faɗi da tsayi, akwai wasu ɓangarori a nannaɗe, ba a gan su ba tukuna. Ina lissafin ko gudu na matse su."

Na ce, "In kabu-kabu ya kai ni Tibiri, gudunsa yana kusa da kamo haske, zan rame?"

"Masu kallo za su ga tumbin ya lafe. Faɗinki kuwa, tsohuwa, yana nan. Ɓangarorin nan na nannaɗe ma, a lissafina, haka suke."

Ja'ira, ta burge ni! Na kira ubanta na ce butik ya nemi wani.

Amsar kacici-kacicin ita ce faɗi. Gaba da baya kaɗai gudu ke matsewa.