Mai Zance da Bango

Sana'arsa fenti, amma a layinsu Saurayin Bango ake kiransa, kuma matarsa ce ta laƙa masa sunan. Dalili kuwa, in aka ba shi ɗaki ba ya buɗe gwangwani nan take. Sai ya kifa bokiti ya zauna, ya zuba wa bango ido kamar wanda ya je zance, har launin da ya dace ya zo masa.

"Sauran masu fenti suna shafa abin da aka ce su dawo da cefane," in ji matar, "kai kana can kana hira da siminti."

Amsarsa ɗaya ce kullum: "Wanda ya ba ni ido bai ba ni don ado ba. In ya nuna min abu na kau da kai, na yi butulci."

Wannan taurin kai ya ja masa kora a gidaje da dama, har aiki ya fara ƙaurace masa. Daga ƙarshe mijin yayarsa, ɗan kwangila, ya tausaya ya kira shi fentin ɗakin mahaifinsa, wato mahaifin ɗan kwangilar. Tsohon ya daɗe a kwance da shanyewar ɓarin jiki, magana ma sai da ƙyar.

"Ruwan madara, sama da ƙasa," in ji ɗan kwangilar. "In ka yi min hikimarka a nan, wallahi ko katangar bayi ba zan ƙara sama maka ba."

"To, Yaya."

Kafin a ɗauke tsohon zuwa falo, mai fenti ya tsaya a bakin ƙofa ya lura da shi. Rigingine yake, ba ya iya juyawa. Bangon da ake ta magana a kai ba ya ko ganinsa, duniyarsa duka silin ce mai tabon yoyo.

Ya shafa wa bango ruwan madara yadda aka ce. Da ya hau tsani zai yi silin kuwa, zuciyarsa ta ƙi. Ya ji tsoro ƙwarai, don ya san tukunyar gidansa ce a kan wannan tsanin. Duk da haka ya yi bismillah, ya haɗa shuɗi da fari, ya yi ta sirkawa har ya samu kalar sama bayan an ɗauke ruwa. Wajen taga ya bar shi da haske, tsakiya ya zurfafa.

Da fenti ya bushe aka maido tsohon gadonsa. Ɗan kwangila ya ɗaga kai, fuskarsa ta haɗe, ya buɗe baki zai fara. Sai tsohon ya ɗaga hannunsa mai lafiya, yana nuna sama.

"Wa ya cire rufin?" ya tambaya a hankali.

"Baba, fenti ne," in ji ɗan kwangilar. "Gobe za a gyara."

Tsohon bai sauke idonsa ba. "A'a," ya ce. "Ku bar min shi a buɗe."