Itacen Ɗa'ifa da Ruwan Alwala

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai fitar da tsiro daga busasshiyar ƙasa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya kai mai karatu, kwanan baya wani ɗalibina da ya dawo daga Umara ya kawo mini guntun itace, ya ce a jefa a garwashi. Hayaƙin na tashi na rufe littafin da ke hannuna, domin ƙamshin nan mai kama da na ƙaro ya mayar da ni gidan kakana, a wani ƙauye kusa da Turba.

Shekarar da kakana ya sauke farali, sauran alhazai sun dawo da dabino da zamzam. Shi kuwa ya haɗo da ɗan tsiro a gwangwani, wanda wani mai gona a duwatsun Ɗa'ifa ya ba shi. Larabawa na kiransa ar'ar. Ganyensa sirara ne kamar allura, kore shar rani da damina. Ya dasa shi a lambun bayan zaure, tsakanin lalle da zogale.

Ka san al'adarmu: ruwan da aka wanke allo da shi ba a zubar da shi inda ƙafa ke takawa. Da labari ya bazu cewa akwai itacen ƙasa mai tsarki a gidanmu, sai kowa ya sami wurin zubawa. Ɗaliban kakana suka riƙa juye wankin allunansu a gindinsa, dattawan unguwa kuma su tsuguna gefensa su yi alwala. Yayar kakana, tsohuwar da ko maigari ba ya ɗaga mata murya, ita ce kan gaba. Kowace safiya takan dogaro sandarta ta zo ta juye masa buta guda.

Damina ba ta yi nisa ba ganyen ya soma ja daga ƙasa. Mutane suka ce ƙishi ne, suka ƙara ruwa. Wata hantsi kakana ya tona gindin da yatsa, ya shinshina ƙasar, ya ji warin ruɓa. Sai ya tuna inda ya ga iyayen itacen, a kan dutse, cikin tsakuwa, inda ruwa ba ya kwana. Ya tumɓuke shi, ya datse ruɓaɓɓun saiwoyi, ya tara yashin gulbi da tsakuwa suka yi tudu, ya sake dasa shi a kai, ya kewaye da ƙaya.

Washegari tsohuwa ta iske shinge.

"Kai, ƙanena, ni za ka tare da ƙaya awa akuya?"

Kakana ya ce, "Yaya, ki yi haƙuri. Ɗan dutse na. Ba ƙishi ka kashe shi ba, ƙoshi ka kashe shi."

"To, ni za ni gida da butata. Amma itacen da bai son ruwan alwala, ka bincika ko Musulmi na!"

Ba ta sake tako gidanmu ba sai da Sallah. Itacen kuwa ya farfaɗo, yana girma a hankali, har bayan shekaru ya kawo ƙirjina.

Kakana ya rasu cikin bazara. Jama'a suka cika gida daga Isa da Kamarawa da Kurawa, aka janye ƙayar domin a shimfiɗa tabarmi. Baƙi sun ji labarin itacen, amma ba su ji labarin hanin ba, kuma kowa na son ya shayar da abin da Malam ya dasa. Mu kuwa kunya ta hana mu tsawata wa mai ta'aziyya. Tsohuwar nan ce ta sa aka kai ta gindinsa, ga ido ya tafi, ga baya ya ranƙwafa, tana kaɗa sanda tana cewa, "Ku ɗauke butocinku! Bai so!" Amma jama'a sun fi ƙarfin sanda guda. Ƙafafu suka baje tudun, ruwa ya kwanta, kafin sadakar arba'in itacen ya bushe.

Yau an shafe lambun da siminti, ruwan alwala na bin bututu zuwa kwata, babu mai tambayar inda ya faɗa. Ba na zargin kowa. Ina dai kewar mutanen da suke ganin ko ɗigon ruwa amana ne, har ƙaunarsu ta yi wa itace yawa.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sanya albarka gare ka da iyalinka da duk abin da ka dasa. Amin.